Thomas Francis: Likitan da ya jagoranci samar da allurar rigakafin mura

Duk shekara idan hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, da wuya a shiga gida a karkarar Kano ba a ji wani yana tari ko atishawa ba. Akasarin jama'a kan ɗauki mura a matsayin baƙuwar 'yan kwanaki, a sha shayi mai citta da kanumfari, a jira ta wuce.

Sai dai akwai wata mura mai tsanani da likitoci ke kira infuluwenza, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana hallaka mutum dubu 290 zuwa dubu 650 a kowace shekara. Mutumin da ya jagoranci samar da allurar rigakafinta ta farko da hukumomin Amurka suka amince da ita shi ne Dakta Thomas Francis, wanda ya mutu a shekarar 1969.

Shi ne kuma wanda aka damƙa wa alhakin tantance allurar rigakafin cutar shan inna ta farko, cutar da jihar Kano ta daɗe tana fama da ita.

Shekarar Marisuwa

A watan Satumbar 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a tashar Legas ɗauke da fasinjoji marasa lafiya. Cikin 'yan makonni cutar da suka zo da ita ta bi layin dogo ta iso arewa, ta shiga Kano a zamanin Sarki Abbas. Daga birni kuma fatake da 'yan cin kasuwa suka kai ta karkarar da ke kewaye, inda garuruwa irin su Tofa suke, yankin da gidaje da gonaki suke dab da juna.

Hausawa sun raɗa wa annobar suna Marisuwa, kuma tsofaffin da suka gan ta sun riƙa lissafin shekarunsu da ita. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum dubu 500 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta waɗanda suka mutu da miliyan 50 ko fiye.

Babu likitan da ya san ainihin abin da ke haddasa cutar a wancan lokaci. Da yawa sun ɗora laifin a kan wata ƙwayar bakteriya da wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya gano a 1892. An yi ta haɗa allurai a kan wannan zato, amma ba su hana kowa kamuwa da murar ba.

Thomas Francis yana ɗan shekara 18 a lokacin, yana karatu a kwaleji.

Ɗan ma'aikacin masana'anta

An haife shi ranar 15 ga watan Yulin 1900 a garin Gas City na jihar Indiana, ya kuma tashi a New Castle ta jihar Pennsylvania. Iyayensa 'yan asalin yankin Wales ne na Birtaniya. Mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar ƙarfe, kuma yakan yi wa'azi a majami'ar Methodist.

Ya kammala kwalejin Allegheny a 1921, sannan ya sami digirin likita daga Jami'ar Yale a 1925. A shekarar 1928 ya koma Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York, wadda a zamanin take kan gaba wajen binciken cututtuka a Amurka.

Aikinsa na farko a can shi ne nazarin ciwon haƙarƙari, wato limoniya, wanda kafin zuwan magunguna irin su fenisilin yake kashe samari majiya ƙarfi cikin mako guda. A 1930 shi da abokin aikinsa William Tillett suka gano wani sinadari da ke yawaita a cikin jinin mai ciwon, ya kuma ragu idan ya sami sauƙi. Wannan shi ne asalin gwajin jini na CRP da asibitoci ke yi har yau domin auna kumburi a cikin jiki.

Kazalika su biyun sun nuna cewa idan aka ɗebi ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar limoniya aka sa wa mutum a fata, jikinsa kan ƙera garkuwa. A kan wannan fahimta ce aka gina alluran rigakafin limoniya na baya, ciki har da wadda Nijeriya ta fara yi wa jarirai a watan Disambar 2014.

Farautar ƙwayar mura

A shekarar 1933 wasu masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka warware matsalar da ta gagari likitoci a 1918. Sun ɗebi ruwan maƙogwaron masu mura, suka tace shi ta yadda bakteriya ba za ta iya wucewa ba, suka ɗiga a hancin wata dabba mai kama da tunku. Dabbar ta kamu da mura. Wannan ya tabbatar da cewa mai haddasa cutar ƙwayar bairos ce, wadda ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Shekara guda bayan haka annobar mura ta ɓarke a tsibirin Puerto Rico. Aka aiko wa Francis majinar marasa lafiya, ya yi nasarar ware ƙwayar daga ciki, lamarin da ya sa ya zama na farko da ya yi hakan a Amurka. Ya kuma saba wa ƙwayar da rayuwa a jikin ɓeraye, waɗanda suka fi sauƙin kiwo da araha, abin da ya buɗe wa masu bincike da dama ƙofa.

An sa wa ƙwayar suna PR8. Saboda tana saurin hayayyafa a cikin ƙwan kaji, har yanzu masu haɗa allurar mura ta hanyar ƙwai suna aurar da zuriyarta da sababbin ƙwayoyin da ke yawo a kowace shekara.

A 1938 Francis ya zama farfesa a Jami'ar New York. A 1940 ya binciki wata mura da ta kama yara a wani gidan jinya, ya ga cewa garkuwar da ke kashe ƙwayar da aka sani ba ta yi wa wannan komai. Ashe wani jinsi ne daban. Aka kira shi jinsin B, na farkon kuma jinsin A. Wani masani, Thomas Magill, shi ma ya gano jinsin a shekarar. Ma'anar binciken ita ce duk allurar da za ta yi amfani sai ta ƙunshi jinsunan biyu.

Gwajin 1943

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kunno kai, hafsoshin Amurka ba su manta da abin da ya faru a yaƙin farko ba, inda mura da limoniya suka kashe sojojinsu kimanin dubu 45, adadin da ya kusa kai na waɗanda suka mutu a fagen fama. A 1941 rundunar sojan ƙasar ta kafa hukumar binciken mura, ta naɗa Francis shugabanta.

A wannan shekara ce kuma ya koma Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor, inda ya kafa sashen nazarin yaɗuwar cututtuka. A 1942 wani tsohon ɗalibinsa mai suna Jonas Salk ya biyo shi, suka shafe shekara biyar suna aiki tare.

Hanyar da suka bi ita ce a zuba ƙwayar mura a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi na kwana goma ko sha ɗaya, a bar ta ta hayayyafa na kwana biyu zuwa uku, a zuƙe ruwan, a kashe ƙwayar da sinadarin fomalin. Matacciyar ƙwaya ba ta iya sa ciwo, amma jiki kan gane kamanninta, ya shirya mata tun kafin mai rai ta zo.

Haɗa allurar bai kai tabbatar da amfaninta wahala ba. Mura kan zo da ƙarfi wata shekara, ta yi sanyi wata shekara. Idan aka yi wa mutane allura ba su kamu ba, ta yaya za a san cewa allurar ce ta kare su, ko kuwa dama cutar ce ba ta zo ba?

Domin amsa wannan tambaya, a ƙarshen 1943 hukumar ta ɗauki kuratan soja kimanin dubu 12 da 500 da ke karatu a jami'o'i daban-daban, ta raba su gida biyu. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi kuma aka yi musu ta ruwa marar magani, ba tare da an sanar da su wadda kowa ya samu ba. Ba a jima ba mura ta ɓarke. Cikin waɗanda suka sami allurar gaske kimanin kashi 2 cikin 100 ne suka kwanta, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin kashi 7.

A 1945 aka ba allurar lasisi, aka yi wa miliyoyin sojojin Amurka, sannan a 1946 aka fara yi wa farar hula.

Tabo a tarihinsa

Kafin wannan babban gwaji an yi wani ƙarami da a yau ake kallonsa a matsayin abin kunya. A 1942 Francis da Salk da abokan aikinsu sun yi wa masu taɓin hankali allurar a wani asibitin gwamnati da ke Ypsilanti a jihar Michigan, daga bisani kuma aka fesa wa wasunsu ƙwayar mura mai rai a hanci domin a ga ko za su kamu. Masana ɗa'ar aikin likita sun nuna cewa mutanen da ke cikin irin wannan hali ba su da ikon fahimtar abin da ake yi musu, balle su amince ko su ƙi.

A lokacin babu wata doka ta duniya da ta hana hakan. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 su ne suka wajabta neman yardar mutum bayan an yi masa cikakken bayani.

Mutanen Kano sun san nauyin wannan magana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum dubu 11 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka mutu. Iyaye sun yi ƙorafin cewa ba a yi musu bayani ba, kamfanin kuma ya dage cewa ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Shekarar da allura ta gaza

A 1947 mura ta sake ɓarkewa a Amurka, sai aka ga waɗanda aka yi wa allura suna kamuwa daidai da waɗanda ba a yi wa ba. Francis da Salk ba su ɓoye lamarin ba. Sun wallafa sakamakon a mujallar kiwon lafiya a shekarar, suka bayyana cewa allurar tasu ba ta yi aiki ba.

Bincike ya nuna cewa ƙwayar ce ta sauya kama. Ƙwayar mura kan yi ƙananan kurakurai duk lokacin da take hayayyafa, a hankali fatarta ta canza har garkuwar jiki ta kasa gane ta. Wani lokaci kuma ƙwayar mutane kan yi musayar sassa da ta tsuntsaye ko ta aladu, a sami sabuwa fil, kamar yadda ya faru a 1957 da 1968 da 2009.

Wannan gazawa na cikin dalilan da suka sa aka buɗe cibiyar nazarin mura ta duniya a Landan a 1948, sannan a 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido da ya haɗa ɗakunan gwaji na ƙasashe. Sau biyu a shekara, a watan Fabrairu da na Satumba, masana kan zauna su duba ƙwayoyin da aka tattaro, su ba da shawarar waɗanda za a sa a allura mai zuwa. Shi ya sa ake sabunta allurar mura kowace shekara.

Francis ya lura da wani abu kuma da ya duba jinin mutane masu shekaru daban-daban. Jikin kowa ya fi tuna jinsin murar da ya fara kamuwa da ita yana yaro, kuma ko da wata sabuwa ta zo masa da girma, garkuwar da ya fi ƙerawa ita ce ta waccan ta farko. A 1960 ya yi rubutu a kan haka, ya aro wa lamarin suna daga aƙidar Kirista ta zunubin asali, abin da ba a yi mamaki ba daga ɗan mai wa'azi. Har yanzu masana na komawa ga wannan ra'ayi, kuma an yi ta ambatonsa a lokacin annobar korona.

Alƙalin allurar shan inna

Salk ya bar Michigan a 1947 ya koma Pittsburgh, inda ya yi amfani da dabarar kashe ƙwaya da fomalin wajen haɗa allurar shan inna. Da lokacin gwaji ya yi, gidauniyar da ke ɗaukar nauyin aikin ta nemi Francis ya zama mai tantancewa.

Ya gindaya sharuɗɗa kafin ya karɓa. Ya nemi a raba wani kaso mai yawa na yaran gida biyu, masu allurar gaske da masu ta ruwa, ta yadda iyaye da likitocin da ke duba su ba za su san ko wane ne ya sami wacce ba. Ya kuma nemi kada gidauniyar ta tsoma masa baki a cikin lissafi. Shi kansa Salk bai so wannan tsari da farko ba, domin yana ganin bai dace a hana wasu yara allurar da ya yi imani da ita ba. Francis ya tsaya a kan cewa imanin mai allura ba hujja ba ce.

An fara gwajin a watan Afrilun 1954, ya ƙunshi 'yan makaranta kimanin miliyan 1 da dubu 800, kuma a wannan karon sai da iyaye suka sa hannu. Francis da ma'aikatansa sun shafe watanni suna bin takardun yaran, ba tare da sun tsegunta wa kowa sakamako ba, har shi Salk.

Ranar 12 ga watan Afrilun 1955 ya tsaya a wani zaure na Jami'ar Michigan ya karanta rahotonsa. Allurar ba ta da illa, kuma a wuraren da aka yi gwajin gida biyu ta kare yara daga shanyewar gaɓoɓi da kashi 80 zuwa 90 cikin 100. A ranar aka ba ta lasisi.

Murnar ba ta daɗe ba. Cikin makonni biyu aka gano cewa wasu kwalabe da kamfanin Cutter ya haɗa suna ɗauke da ƙwaya mai rai. Fiye da mutum 160 suka shanye, goma suka mutu. Lamarin ya tilasta wa gwamnatin Amurka tsaurara binciken kowane rukunin allura kafin ya fita kasuwa.

Shekarunsa na ƙarshe

A 1955 Francis ya je Japan a matsayin shugaban kwamitin da ya sake fasalin binciken lafiyar waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Tsarin da kwamitin ya shata na bin rayuwar mutum kimanin dubu 120 shi ne tushen akasarin abin da duniya ta sani game da illar tururin nukiliya ga ɗan Adam.

A gida kuma ya zaɓi wani ƙaramin gari mai suna Tecumseh a jihar Michigan, ya kafa binciken da ke bin lafiyar mazaunansa gida-gida tsawon shekaru. Da murar Hong Kong ta zo a 1968, aka yi wa fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan makarantar garin allura. Yawan masu rashin lafiya a wani gari maƙwabci, Adrian, ya ninka na Tecumseh kusan sau uku. Wannan ya nuna cewa kare yara kan kare iyaye da kakanni, domin yara ne suka fi kai mura gida.

Francis ya mutu a Ann Arbor ranar 1 ga watan Oktoban 1969, yana da shekara 69. Ya bar matarsa Dorothy, wadda ya aura a 1933, da 'ya'ya biyu. A 2005 Jami'ar Michigan ta ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, kuma wanda ya fara samunta shi ne Dakta William Foege, likitan da ya yi aikin yaƙi da cutar agana a gabashin Nijeriya.

Daga Ann Arbor zuwa Kano

A 2003 gwamnatin jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin cewa an gurɓata maganin, ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indunisiya. Wanda ake ɗigawa a baki na Albert Sabin ne, amma a 2015 Nijeriya ta shigar da ta allura, irin wadda Francis ya tantance, cikin jerin rigakafin jarirai. An ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila a watan Yulin 2014. Ranar 25 ga watan Agustan 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwaya, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ke ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami maganin ba.

Ita ma mura ba ta yi nisa ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma shafi gonaki a Kano. A 2008 Nijeriya ta fara tsarin sa ido kan mura a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hukumomin lafiya na Saudiyya kuma kan shawarci maniyyata aikin Hajji da su yi allurar mura kafin su tashi, musamman tsofaffi da masu ciwon suga ko na zuciya.

Ciwon da Francis ya fara aiki a kansa shi ne har yanzu ya fi yi wa yaran Nijeriya ɓarna cikin cututtukan numfashi. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar dubu 162 a ƙasar a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Ma'aikatan lafiya kan ja hankalin iyaye cewa idan yaro mai tari ya fara numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya shaƙi iska, ko ya kasa shan nono, to lamarin ya wuce murar hunturu, kuma a garzaya da shi asibiti mafi kusa a ranar.